Saƙar Zuci da Saƙar Hannu



Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar nan ya san kalmar da ta fi kowace yawa a bakin masu zuwa gaisuwa, watau "sai haƙuri". Ana faɗinta ranar da aka yi rashi, a maimaita ta ran uku, a sake ran bakwai, waɗansu ma su kai ta har arba'in. Daga nan sai a naɗe tabarmi, a mai da kujerun aro, baƙi su kama hanyar garuruwansu, a bar mai rashi a ɗaki da wannan kalma, ba tare da kowa ya nuna masa yadda ake yin abin da aka umurce shi da shi ba. Kalmar gaskiya ce, babu mai musu. Amma ya kamata mu lura Bahaushe "yin haƙuri" yake cewa, kamar yadda yake cewa yin noma da yin ɗinki, kuma duk abin da ake yi yana da kayan aikinsa, yana da ranar koyo. Har karin maganar nan da muke yawan kawowa, cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, in ka dube ta da kyau za ka ga mutumin ba a zaune yake ba: ya nemo itace, ya ɗora tukunya, yana ta iza wuta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a filinmu na wannan mako shi ne wata hanya ta jiyya wadda likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suka daɗa ba ta ƙarfi a zamanin nan. Mutumin da masifa ta auka wa, ko wanda damuwa ta danne, ban da magani da shawara, sai su sa shi zane, ko saƙa, ko ginin tukwane, ko tsara waƙa, ko kuwa su kai shi lambu ya yi shuka ya yi ban-ruwa, ya zauna a inuwar itatuwa. Nufinsu su gina masa juriya, watau ƙarfin zuciyar da mutum zai sha bugu ya tanƙwara bai karye ba, har ya sake miƙewa ya ci gaba da harkokinsa. To, akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke yi wa wannan kallon hadarin kaji. Waɗansu na cewa wasan yara ne da Turawa suka kawo mana. Waɗansu kuwa maganarsu ta fi wannan nauyi: suna cewa Musulmin da ke da Alƙur'ani da salla da addu'a, in har ya koma neman sanyin zuciya wurin allura da zare ko wurin ganyen zogale, to, tawakkalinsa ya yi rauni. Wannan ta biyu ita ce ta cancanci amsa, domin kishin addini ne ya sa masu ita suke faɗinta.

Bari mu fara da duba abin da baƙin ciki ke yi wa mutum. Hausawa sun riga sun raɗa masa suna, suka ce saƙar zuci. Mai damuwa masaƙi ne wanda ba ya tashi daga aiki: ya saƙa wannan ya warware, ya ƙulla wancan ya kwance, dare ya raba yana nan, gari ya waye bai sami ko ƙyalle ba. Da na hana shi tafiya ran nan. Da na kai ta asibiti da wuri. Wanda kuwa ya ga tashin hankali da idonsa, kamar mutanenmu na Barno da Yobe tun daga 2009, ko na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tasa, nasa ya fi haka, domin abin da ya gani yakan dawo masa a farke da cikin barci kamar yanzu ake yi, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa gabansa ya faɗi. Irin wannan mutum sai ya tsaya salla ya rasa raka'a nawa ya yi, ya buɗe Mus'hafi idonsa na kan layi zuciyarsa na can garin da aka ƙone. In ka ce masa ya ƙara zikiri ka faɗi gaskiya, sai dai ka manta cewa wurin da zikirin zai zauna shi ne ciwon ya kama. Aikin mai jiyya shi ne ya samar wa zuciyar ɗan fili, kuma ƙofofin da suka fi kusa da zuciya su ne ido da kunne da hannu.

Kafin kome, baƙin ciki kansa ba aibi ba ne a addini. Annabi Ya'aƙubu, wanda aka ba mu labarin kyakkyawan haƙurinsa, ya yi ta baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa cire shi daga sahun masu haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahimu ke cikawa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furucin da ke nuna ƙin hukuncin Allah.

Sa'an nan ku dubi yadda aka yi da Nana Maryamu a cikin surar da ke ɗauke da sunanta. Naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ga ciwo, ga tunanin abin da mutanenta za su ce, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. A wannan hali aka hana ta baƙin ciki, amma ba a tsaya ga hanin ba. An nuna mata ƙorama a ƙarƙashinta, aka umurce ta ta girgiza kututturen dabinon nunannu su zubo, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Malaman tafsiri sun daɗe suna tambaya: mace mai naƙuda wane ƙarfi gare ta na girgiza dabino, kuma wanda ya ba ta ɗa ba tare da uba ba ai ba zai gaza zubo mata 'ya'yan itace ba? Suka ce an so a koya mana riƙon sababi ne. Ni kuwa ina ganin har da wani abu. Mutumin da ya kai ga burin mutuwa yana bukatar a ba hannunsa abin yi, kome ƙanƙantarsa, ya ga ya motsa wani abu a duniya kuma abin ya amsa masa.

Akwai kuma wani hadisi a Buhari da Muslim wanda ya yi daidai da halin da muka fara da shi. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, in an yi rashi a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage sai 'yan gida da na kusa, sai ta sa a dafa talbina, wani irin kunu na garin sha'ir, ta ce su ci, domin ta ji daga Manzon Allah cewa yana kwantar da zuciyar majiyyaci, yana kuma tafiya da sashen baƙin ciki. Ku lura da lokacin da ta zaɓa, watau bayan taro ya watse. Ku lura kuma sashe aka ce, ba a ce duka ba. Uwar Muminai, da duk ilminta, ba ta ga rashin tawakkali ba a cikin tarar baƙin ciki da tukunya da ludayi. In kunu zai iya zama sababi, me zai hana lambu?

Magabata sun fahimci haka, har suka rubuta shi a littafi, suka kuma gina shi da dutse. Abu Zaid al-Balhi, ɗalibin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware sashe ga lafiyar jiki, sashe ga lafiyar zuciya, ya nuna cewa in ɗaya ya kamu ɗayan ba ya tsira. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar na rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi walwala, ya ce na biyun tushensa a jiki yake, yana bukatar magani. Mai fama da waswasi kuwa ya gargaɗe shi game da kaɗaici da zaman banza. Shawararsa da ta fi burge ni ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda mai gida ke ajiye magani tun kafin ciwo ya zo. Abin da likitocin yau ke kira gina juriya ke nan, ya faɗe shi fiye da shekara dubu da suka wuce.

Asibitocin da sarakunan Musulmi suka gina da waƙafi, waɗanda ake kira bimaristan, su ma shaida ne. Na Sarki Ƙalawun a Alƙahira, wanda aka fara a 1284, an jawo ruwa yana gudana a cikin zaurukansa. A Halab ta ƙasar Sham akwai na Argun al-Kamili, na 1354, wanda ya shahara da kula da masu taɓin hankali. An raba shi ƙananan farfajiyoyi, kowace da ɗan tafki a tsakiya, ɗakunan majiyyata na fuskantar ruwan. A garin Adirna na ƙasar Turkiyya, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazidu na Biyu ya gina asibiti a bakin kogi tsakanin 1484 da 1488, da babban zaure mai ƙubba, ruwa na ɓulɓulowa a tsakiyarsa. Matafiyin nan Auliya Calabi, wanda ya ziyarci wurin a ƙarni na 17, ya ba da labarin mawaƙa da makaɗa goma da ke zuwa sau uku a mako su yi wa majiyyata, ana kuma kawo musu furanni don ƙanshi. Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce: a irin waɗannan asibitoci akwai tagogin ƙarfe, akwai sarƙa ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, iyakar ilmin zamanin ke nan. Amma masu waƙafi da alƙalai da likitocin da suka tsara wuraren mutane ne masu salla da azumi, kuma sun ga ya dace a kashe dukiyar sadaka wajen jawo ruwa da dasa fure saboda wanda hankalinsa ya gushe.

Turawa sun iso ga wannan ta tasu hanya, abin da suka ƙara shi ne awo da lissafi. Wani mai zane na Ingila, Adrian Hill, yana kwance da tarin fuka sai ya ga zane na rage masa tsawon yini da nauyin zuciya, ya shiga koya wa 'yan'uwansa majiyyata, a 1942 ya sa wa abin suna jiyya da zane. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya buga abin da ya gano a takardun majiyyata 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti na jihar Pennsylvania tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana ɗaya, sun kuma bukaci maganin kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da su. Mutum 46 ba su da yawa, ba a kafa hukunci a kansu kaɗai, amma sun buɗe ƙofar bincike mai yawa da ya biyo baya.

Wanda ya fi kusa da zancen juriya shi ne na Emmy Werner, wadda ta bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka kai shekara 40. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rigimar gida ko ciwon iyaye, irin yaran da kowa zai ce ba za su yi albarka ba. Duk da haka ɗaya cikin uku na waɗannan suka girma suka zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Da aka duba abin da ya raba su da sauran, sai aka tarar yawancinsu sun sami wani babba guda, kaka ko malami ko maƙwabci, wanda ya riƙe su da gaske, suna da wani abin da suka iya ko suke sha'awa wanda ke ba su ƙima a idon kansu, da yawa kuma sun ambaci imaninsu. Ashe imani da aikin hannu a gida ɗaya aka same su.

To, ina sirrin abin yake? Ku dubi mutanen Bama. Da garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba na 2014, dubban mutane suka gudo Maiduguri, da yawa daga cikinsu, musamman mata da 'yan mata, suka koma ga sana'ar da aka san garinsu da ita, watau ɗinkin hula. Don abinci suke yi, ba wanda ya ce musu jiyya ce. Amma wanda ya san ɗinkin hula ya san ba a yinsa da rabin hankali: sai ka ƙirga, sai ka bi zanen, in ka kuskure wuri ɗaya ya bayyana, kuma hula mai kyau takan ci makonni. Muddin ido na bin allura, masaƙar zuci ta tsaya, ko da na sa'a guda ne, kuma sa'a guda ta hutu ba ƙaramin abu ba ce ga wadda ta yi wata ba ta yi barcin kirki ba. Ga shi a inuwa ake zama a jere, magana na fitowa a hankali tun da ba ido cikin ido ake yi ba, kowa na kallon aikinsa. Har ila yau, masifa takan koya wa mutum cewa ba shi da iko a kan kome: an kore shi, an ciyar da shi, an ƙirga shi a layi. Ranar da mace ta gama hula ta riƙe ta a hannu, ta ga abu kyakkyawa wanda da babu shi kuma ita ta yi shi, wani ɗan yanki na mutuncinta ya dawo.

Shuka kuwa tana da nata darasi wanda ɗinki ba shi da shi. Wanda ya dasa zogale ko ya yafa irin alayyafo a bayan ɗaki ya ƙulla alkawari da gobe, tilas ya tashi da safe domin akwai mai jiran ruwa daga hannunsa. Kuma ba ya iya gaggauta ta. Ya yi nasa, ya jira abin da ba nasa ba, don manomi ya fi kowa sanin cewa shi ke binne iri amma ba shi ke tsirar da shi ba. In wannan ba tawakkali ba ne, mene ne? Alƙur'ani ya yi ta maimaita misalin ƙasar da ta mutu ruwa ya sauka ta rayu, yana kiran mu mu duba mu yi tunani. Wanda ke rufe a ɗaki, in an ce ya yi tafakkuri, a kan me zai yi? Mai ban-ruwa kuwa kullum ayar na gabansa, yana taɓa ta da yatsa. A nan ne na ga masu cewa lambu na janye mutum daga zikiri sun juya lissafin, domin sau da yawa lambun ne ke mai da shi ga zikirin da ciwo ya raba shi da shi.

Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da sun ba shi suna ba. Tsohuwa da mazarinta tana kaɗi, mai niƙa tana rera abin da ke cinta a rai a kan dutse, duk sun sami inda suke sauke kaya. Injin niƙa da yadin kanti sun hutar da su, mun gode Allah, sai dai gurbin da suka bari wayar hannu ce ta cike shi, ita kuwa ƙara wa masaƙar zuci zare take yi. A gidan malamai ma haka ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga hijira da yaƙi da mutuwar na kusa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ta yi da baƙin cikinta shi ne ta zuba shi a cikin ma'aunin waƙa. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Neman ƙafiya da daidaita baiti aiki ne irin na mai ƙirgar zaren hula. Wa zai tashi ya ce 'yar Shehu ba ta da tawakkali?

Saura zancen kiɗa da hoto, inda hankalin masu tsantseni ya fi tsayawa. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne, ba a wannan fili za a kashe shi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u ya halatta sauraro da sharuɗɗa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya tsananta ƙwarai. Wanda ya bi mai sassauci yana da magabaci, wanda ya bi mai tsanani kuma bai yi asarar kome ba, domin ga ƙira'a mai daɗi, ga ƙasida ba da kiɗa ba, ga kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa waɗanda ba wanda ya taɓa haramta su. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki saɓani a kan reshe ɗaya a sare itacen duka, ko kuwa likita ya tilasta wa majiyyaci abin da zuciyarsa ke ƙyama, don abin da mutum ke jin zunubi ne ba zai zame masa magani ba. Game da zane, mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tsaya ga cikakkiyar siffar mai rai mai inuwa, watau gunki da makamancinsa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai haram ba, an kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara, tun da Nana A'isha ta yi wasa da ita a gidan Manzon Allah. Zanen itace da gida da fure da zayyanar allo kuwa babu magana a kansu.

Wannan rangwame yana da muhimmanci saboda yara. Yaron da ya ga an kashe ubansa ba shi da kalmomin da zai faɗi, in ka matsa masa da tambaya sai ya sunkuyar da kai. Ba shi takarda da fensir mai launi ka koma gefe. A 2007 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Waging Peace ta tattara zane kimanin 500 daga yaran Darfur da ke sansanonin gabashin Cadi. Yaran sun zana jiragen sama na sakin bam, da mahaya dawaki da raƙuma, da bukkoki na ci da wuta, kuma a cikin shekarar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta karɓi zanen a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin abin da ya faru. Sai dai a kiyaye, buɗe irin wannan ƙofa a zuciyar yaro ba aikin kowa ba ne. In ya zana abin da ya gani ya firgita, tilas a sami wanda ya san yadda zai riƙe shi, in ba haka ba an fama ciwo an tafi an bar shi.

Zanen yaran Darfur ya kawo ni ga tsoron da ni kaina nake da shi game da wannan hanya, wanda a wurina ya fi na masu zancen tawakkali nauyi. Kalmar juriya tana da daɗi a bakin masu mulki da masu ba da agaji, domin tana da araha. Ya fi sauƙi a raba wa 'yan gudun hijira zare da fenti a ɗauki hoto, da a tsare musu hanyar gonakinsu ko a hukunta wanda ya kashe musu 'ya'ya. Haka "sai haƙuri" takan zama a bakin azzalumi, wanda ya ci gonar maraya ya aiko masa da wa'azi. Shari'a ba ta san haƙurin da ke soke haƙƙi ba. Wanda aka zalunta yana haƙuri da ƙaddara, yana kuma neman haƙƙinsa wurin alƙali, babu wanda ke hana wani. Jiyyar da aka shirya don mutum ya saba da zalunci ya daina kai ƙara, allurar barci ce kawai.

Haka kuma kada a ɗauka lambu zai maye gurbin likita. Wanda ya daina ci da barci, ko yake jin muryoyi, ko ya fara maganar kashe kansa, asibiti za a kai shi ba da jinkiri ba. Akwai na gwamnatin tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Abin kunya ne gare mu cewa a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, gidan da iyaye suka kai su da sunan gyaran hali a inuwar addini. An sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, ta maye tsohuwar ta 1958, amma doka a takarda ba ta dasa itace a farfajiyar asibiti. Sai ka ce mun gaji sarƙar magabata, mun bar musu ruwan da furen.

Abin da ke hannunmu ba ya jiran kuɗin gwamnati. Masallatanmu da yawa an shafe farfajiyarsu da siminti daga bango zuwa bango, ko darbejiya ɗaya babu, alhali kuwa tsofaffi da masu ɗauke da damuwa a nan suke yini. Kwamitin da ya iya tara kuɗin tayil da lasifika zai iya dasa itace biyar, ya damƙa ban-ruwansu ga wanda aka san yana cikin wani hali, ba tare da an ce masa magani ake yi masa ba. Makarantun Islamiyya na matan aure kuma za su iya ware yini guda na saƙa da ɗinki, su tuna da wadda aka yi wa rashi.

A nan ne ake yawan samun cikas, domin al'ada ta ɗora wa mai takaba abin da shari'a ba ta ɗora mata ba. Wata huɗu da kwana goma an hana ta ado da turare da aure da kwana a wani gida. Amma sai ka ga an zaunar da ita a ƙuryar ɗaki, ba ta taɓa kome, ba ta leƙa ko tsakar gida, ana ganin wannan shi ne cikar takaba, alhali an miƙa ta ga saƙar zuci dare da rana a lokacin da ta fi rauni. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa an saki 'yar'uwar mahaifiyarsa, tana cikin idda ta so ta fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawata mata. Ta tafi wurin Manzon Allah, ya umurce ta ta je ta yanki dabinonta, ya kuma ba da dalili cewa wataƙila ta yi sadaka da shi ko ta aikata wani alheri. Malaman Malikiyya sun halatta wa mai idda, ta saki ce ko ta mutuwa, ta fita da rana don bukatunta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ban-ruwan alayyafo a bayan ɗaki kuwa ko fita bai kai ba.